Surukin Sidi Babu Amawali

Tsufa ya ɗebe mini abubuwa da dama daga ka, sunayen jikokin maƙwabta da inda na ajiye carbina, amma bai taɓa ranar da Sidi ya juya wa na'urarsa baya ya ce in zo in zama idonsa ba. Ku da kuka shigo biron nan, wato ofishinmu, daga baya kun sha tambayar juna yadda aka yi tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, ta hau kujerar juyar hotuna, ta zauna a kai har ƙarfin idonta ya ƙare. Na ji wasu sun ce ƙanwar uwarsa ce ni, wasu sun ce asiri na zuba masa a shayi. Ba ko ɗaya. Zan ba ku labarin daga tushe, jikata tana rubutawa, don kada in tafi da shi.

Shekarar dubu biyu da goma ce. Daminar da ta gabata ba ta yi ba, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai fita ba, sannan sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu da muka ga babban farin farko, lokacin ina goyon babbar 'yata, wanda shi ma soja ne ya biyo bayansa, ba mu yi mamaki ba, mun dai ƙara ɗaure zani. Baƙin da ke zuwa kallon hamada sun daina zuwa, maƙeran azurfa suna zaune suna kallon gawayinsu, makiyaya suna shigowa gari da ɗan abin da ya rage musu na dabba. Hanyar duwatsun Abzin kuwa ba a binta sai da rakiyar soja. Wani ajidan ne ke jan ayarin, wato babba a kan sarjan, ƙarami a ƙarƙashin hafsoshi, kuma ba ya tashi sai ranar da na sama da shi suka sa hannu.

Biron a lokacin ɗaki biyu ne kacal, ba wannan ginin da kuke gani ba. Sidi ne shugaba, Sidi ne ma'aikaci. Ɗan garin nan ne, ya yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Yamai ya dawo gida. Mataimakinsa ɗaya ya bi motocin Libiya, labarinsa na ƙarshe daga Sigidin muka ji shi. Ni kuwa matsayina mai shara. Ina share ɗaki, in lulluɓe na'urori da zane, in dafa shayi, in zafi ya yi yawa in zauna da mafici ina yi wa ordinater fifita kamar mai jego. Yana ce mini Inna. Ni ina ce masa Mushe Sidi a gaban baƙi, wato malam da Faransanci, in babu kowa kuma ɗan nan.

Ga wanda ba ɗan aikin ba, bari in faɗi abin da muke yi. Hoto a cikin na'ura ba mazubinsa ɗaya ba, kamar yadda gero ɗaya ne amma wani na cikin buhu, wani na cikin taiki, wani na cikin ƙwarya. Masu sinima suna da nasu, ana ce masa de-pe-iks. Fim ba abu ɗaya ba ne mai motsi, hotuna ne a jere, kafin ka ƙifta ido da yawa sun wuce, kuma kowane ɗaya zaman kansa yake a cikin diski. In ka buɗe shi a ɗanyensa sai ka gan shi toka-toka kamar zanen da ya sha wanki, don mai fim ba ya zubar da haske, matse shi yake ya ajiye. Masu bincike kuma, masu auna ƙasa da ruwa, mazubinsu tif, kuma suna son kowane ɗigo ya zo da awonsa a miƙe, ba matsi. Akwai na uku, ji-peg, wanda ke cikin salular kowa. Shi kyau gare shi a ido, amma rabin geron a ƙasa ya baro shi. Aikinmu shi ne juyewa daga wannan mazubi zuwa wancan ba tare da ƙwaya ta zube ba. In ka ƙara wa haske hannu, sama ta ƙone ta haɗe da dutse. In ka rage, inuwa ta toshe. Na'ura tana juyewa, amma ba ta san ta ƙona ba. Sai ido ya duba.

Duk wannan a lokacin ban san shi ba. Daga baya na sani.

Ana nan, wata safiya Madam Zalika ta shigo. Bazabarmiya ce daga Yamai, injiniyar ruwa, ita ce shugabar 'yan haƙar rijiya na wani furoje da ke taimakon masu lambu. Doguwa ce mai saurin magana, Hausarta tana tuntuɓe amma ba ta faɗuwa. Ta ajiye diski a gaban Sidi ta shiga bayani, ina zuba shayi ina ji.

Akwai wani ƙauye bayan Timiya da yake da tsohuwar rijiya a gefen kwari, wadda ko a babban fari ba ta ƙafe ba. Shekaru bayan haka ruwan tsauni ya sauko da ƙarfi ya binne ta, ya tuge dabinon da ke kanta, ya sauya wa kwarin hanya. Mutane suka haƙa wasu suka ci gaba da lambunsu. Yanzu waɗancan sun ƙafe duka, lemu da rumman suna zubar da ganye. Tsofaffin ƙauyen kowa ya nuna wurin da ya tuna, an tona nan an tona can, yashi da dutse. Furojen kuwa rijiya ɗaya tak ya ɗaukar wa ƙauyen. In aka haƙa a banza, shi ke nan, mutanen sai su ɗaure kaya su sauko gari su bar itatuwan kakanninsu.

To ashe a zamanin babban fari wani Nasara ya ɗauki fim a bakin rijiyar nan. Madam ta bi sawu har aka aiko mata da guntunsa daga ƙasarsu, amma a mazubin masu sinima, wanda na'urarta ba ta buɗewa. Abin da take so, a juye mata shi tif, a zaɓo hotunan da bakin rijiya da tsinin tsauni da wani tsagaggen dutse da ke cikin inuwa suka fito tare. Da waɗannan za ta gwada da hoton da tauraro ya ɗauko daga sama, ta auna, ta ce ga inda za a kafa dagi. Ta ɗaga yatsa ta ce kada a goge komai, kada a shafa komai, ɗigo ɗaya aka taɓa awonta ya tashi aiki. Ayarin soja zai tashi ranar Alhamis, 'yan haƙa za su bi shi, da hoto ko ba hoto. Ita ba ta da zama, zarya za ta yi ta yi tsakanin biron gwamna da sansanin soja don takardar rakiya.

Sidi ya ce aikin yini ne. Da ta ambaci sunan ƙauyen ma har murmushi ya yi, don garin matarsa Tima ne. Surukinsa, Alhaji Gumur, yana nan cikin Agadas tun da fari ya tsananta, ya sauka can gefen gari wajen danginsa.

Madam ta fita, ya buɗe na farko. Toka-toka, ga rijiya, ga tsauni, ga wani mutum a cikin inuwa baƙi ƙirin kamar kututture, ba fuska ba ido. Ya saita na'ura ya juye. Ina tsaye a bayansa da farantin shayi na ga inuwar nan ta buɗe kamar an yaye labule. Tsagaggen dutsen ya fito. A gabansa kuma ga saurayi ya fito daga rijiya, laka har ƙirji, kai ba rawani, baki ba amawali, yana dariya da dukan haƙoransa. A kan girarsa ta hagu akwai tabo kamar ƙaramin lauje.

Sidi ya yi salati a hankali. Ya juya kujerarsa ya ba na'ura baya, ya ja ƙarshen rawaninsa ya rufe nasa bakin. Na ce lafiya? Ya ce:

"Inna, baban Tima ne."

Ku 'yan Agadas ba sai na faɗa muku ba, amma akwai 'yan kudu a cikinku. Ba'abzine da ya isa mutum ba ya sauke amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki da hanci, a gaban wanda yake jin nauyi. Ko ruwa zai sha, ta ƙarƙashi yake kai moɗa. Da ido ake gane shi, da tafiya, shi ya sa tabon nan ya isa. Tsakanin suruki da suruki kuwa abin ya wuce nan. Tun da Sidi ya auri Tima bai taɓa cin abinci inda tsohon yake ba, bai taɓa kiran sunansa ba, in sun haɗu a hanya kowa ya ja amawalinsa har ƙasan ido. Yau ga bakin surukinsa a buɗe har dasashi, a cikin ɗakin aikinsa.

Na ce to ai hoto ne. Ya ce shi ma ya sani, karatu ya yi, amma wuyansa ya ƙi juyawa.

Muka shiga dabara. Na yanko takarda na liƙa a madubin na'ura daidai fuskar. Hoto na gaba saurayin ya matsa, fuska ta leƙo ta gefen takarda, Sidi ya kusa kifewa da kujera. Na sa babba, sai ta rufe tsagaggen dutsen, don a bayan kunnen mutumin yake. Ya ce zai bar na'ura ta juye duka shi ido rufe, ya miƙa wa Madam. Sai ya tuna wanda ya ƙone ba mai sani sai an kai daji. Ya ce zai nemo wani abokin karatunsa ya duba masa. Ya sake cewa a'a, gobe duk kasuwa ta ji an ga haƙoran Alhaji Gumur a biron surukinsa. Madam kuwa kunyar faɗa mata yake ji, shi da ya ce aikin yini ne. Yinin ya wuce, shayi ya huce, ba a ƙara hoto ko ɗaya ba.

Washegari na tarar ya riga ni zuwa. Ya jera kujera biyu baya da baya, ɗaya tana kallon na'ura, ɗaya tana kallon bango.

"Inna, ke kin wuce kunyar kowa, kuma bakinki ba ya yawo. Zauna nan. Ni ne hannu, ke ce ido."

Na ce, ɗan nan, ni da ko sunana ban iya ganewa a takarda ba? Ya ce ba karatu yake nema ba. Matar da ta tsufa tana tsince tsakuwa a cikin shinkafa za ta gane in sama ta ƙone.

Ya ɗora hannuna a kan abin nan da kuke ce wa ɓera. Na ɗan tura shi, 'yar kibiyar ta ruga kusurwa ta ɓuya, na ce masa ta tsere. Ya yi dariya, karon farko tun jiya. Haruffa ban san su ba, sai ya koya mini su da kama. Wanda sunansa ya ƙare da gicciye kamar lambar da ake ƙona wa raƙumi shi ne ɗanye. Wanda yake da sanda mai hula shi ne juyayye. Shi kuma ya jawo allon maɓallai ya ɗora a cinya, yana kallon bango yana bugawa da ka.

Haka muka yi ta yi. Ya buga, ya ce me kika gani. In ce tsinin tsauni ya narke cikin sama. Ya rage. In ce yanzu kuma tsagar dutse ta toshe. Ya ƙara kaɗan. In ce tsaya nan. Wani hoton yana da karce-karcen tsufa kamar kaza ta yi tono, a wuce shi. Wani kuma saurayin ya tare dutsen da kansa, a wuce shi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke mu zauna mu yi gumi muna jiran ya dawo, Sidi yana ƙirga kwanakin da suka rage a yatsa, ni ina yi wa na'ura fifita don ta tashi da sanyin rai. Da hannuna ya fara sakewa sai bakina ma ya saki. In ce masa wannan ya yi kyau, surukinka ya ɗaga guga, amma fa yaro ne mai ƙirji. Sai ya toshe kunne ya ce, Inna, don girman Allah, dutsen kawai. In ce ai dutsen nake faɗa.

Ran nan Madam ta faɗo ta same mu haka, mai shara a gaban na'ura, mai karatu yana kallon bango. Ta tsaya da jaka a hannu. Ta tambaye shi da Faransanci, ya amsa da Faransanci kansa a ƙasa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta zauna a tabarma ta yi dariya har ta share hawaye da gefen gyale. Ta ce ita ma da duk karatunta, in uwar mijinta ta shigo gida ba ta iya haɗiye loma. Ta gwada ɗaya daga waɗanda muka gama a tata na'urar, ya buɗe. Ta ce mu ci gaba, amma Alhamis ba ta matsawa.

Wadda ba mu lissafa da ita ba ita ce Tima. Ta ga mijinta yana juya tuwo ba ya ci, ta matsa masa har ya faɗa. Ita ta faɗa wa uwarta, uwarta ta faɗa wa mai fuskar.

Ranar Laraba da hantsi, saura kaɗan mu gama, na ji sallama a ƙofa, murya mai kauri ta cikin zane. Sidi ya gane ta kafin ni. Ban san magidanci yana iya fita ta ƙofar baya da irin wannan saurin ba. Ya laɓe bayan ƙyaure ya raɗa mini cewa in tsohon ya ce a'a, shi ba zai miƙa hoto ko ɗaya ba, ko da Madam za ta kai shi gaban soja. Na san da gaske yake, na kuma san ƙauye guda yana rataye a kan wannan a'ar.

Alhaji Gumur ya shigo, dogo, busasshe, rawani baƙi mai sheƙi, amawali har ƙasan ido. Ga tabon nan a gira, ya tsufa tare da shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gajiya, zafi, dabbobi, mutanen tsauni. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, na ba shi shayi ya karɓa ya sha ta ƙarƙashi. Sannan ya ce an gaya masa an kama shi tsirara an sa a akwati, za a kai wa soja su kalla.

Na ce, "Alhaji, tsirarar daga haɓa ce zuwa hanci. Sauran laka ta rufe."

Bai yi dariya ba. Ya tambayi wa ya gani. Na ce ni, da Madam sau ɗaya, sai mai biron da ya gani ƙiftawa ɗaya ya juya baya, tun ranar kuma bango yake kallo. Ya ce a nuna masa.

Ba Sidi, ba mai buga maɓalli. Na yi bisimilla na kama ɓera. Na fara buɗe masa mai gicciye, toka-toka, mutum baƙi a inuwa. Ya ce wannan ai kowa ne. Sannan na buɗe mai sanda.

Ya matso. Ya ƙara matsowa har rawaninsa ya taɓa madubin. Na danna na gaba, na danna na gaba, da sauri-sauri yadda na gano da kaina, sai saurayin ya motsa, ya ɗaga guga, ya kwarara wa kansa ruwa, ya yi dariya. Na ga kafaɗun tsohon suna girgiza. Na ɗauka kuka ne, na kawar da kai. Ashe dariya yake ta cikin amawali.

"Tsohuwa," ya ce, "duk waɗannan haƙoran nawa ne?"

Na ce sai dai in aro ya yi. Ya ce da ya san haka yake da bai tsaya a kan mace ɗaya ba. Na ce ya bari Hajiya ta ji. Ya ce yanzu ko ta ji ba ta da fargaba, mutumin da ko dabino aka ba shi sai an jiƙa.

A nan ya zauna, ya ba ni labarin ranar. Sun daɗe suna yasar rijiyar, raƙuma na faɗuwa a gefenta. Shi aka zura don shi ne siriri. Igiya ta gaza, ya kwance rawaninsa aka ƙara mata tsawo. Da ruwa ya ɓullo a ƙarƙashin ƙafarsa ya fito ya manta da duniya, bai ma san Nasaran yana juya akwatinsa ba. Ya nuna waɗanda ƙafafunsu kaɗai suka fito a gefen hoton, ya kira sunayensu ɗaya-ɗaya daga takalmansu. Duk sun rasu. Nan dariyar ta ɗan tsaya, muka yi musu addu'a.

Sai ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda za ta kai bayan ƙyaure, amma ni yake kallo, don suruki ba ya fuskantar suruki da magana.

"Faɗa wa mutumin da ke bayan ƙofa, yaron nan da ke cikin akwati bai yi aure ba, bai haifi kowa ba. Ba surukin kowa ba ne. Ya shigo ya kalle shi."

Na juya na maimaita wa ƙyaure, ko da yake ƙyauren ya ji. Ƙyaure ya amsa a hankali cewa a gaya wa Baba an gode, amma aiki ya kusa ƙarewa, Inna ta iya.

"Faɗa masa ni mai shiga rijiya ne. Ban taɓa sauka da igiyar da aka ɗaure da ido rufe ba. Gobe 'ya'yan mutane za su haƙa inda hoton nan ya ce. In ya bar shi ya fita bai duba ba, wannan ce kunyar da zan ji."

Ya tashi ya koma ƙofar waje ya zauna ya ba mu baya, don ya sauƙaƙa masa.

Sidi ya shigo kamar mai taka ƙaya. Ya juya kujerarsa. Ya fara da kusurwar sama, ya sauko kan tsauni, ya bi dutse. Da aiki ya kama shi sai wuyan ya saki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan daidai, wannan daidai. A kan wasu ya tsaya, ya nuna mini gefen tsinin tsauni inda haske ya ɗan ci, siriri kamar zare, wanda idona bai kama ba, kuma daidai wurin da Madam za ta ɗora awonta. Ya sake juye su. Na ce a raina ashe tsohon nan gaskiya gare shi. Can na ji maɓallai sun yi shiru. Ya kai ga fuskar.

"Inna," ya ce a raɗe, "wushiryar Musa ce."

Musa babban ɗan Sidi ne. Tun da haƙoransa suka fito da wushirya dangin Sidi ke cewa ba tasu ba ce, dangin Tima ke cewa ba tasu ba ce, kowane suna da biki sai an tayar da maganar. Wa zai sani? Mai ita ya rufe ta tun yana saurayi, daga baya kuma ta zube tare da sauran. Hajiya kuwa, ita da ta sani, ba za ta zauna gaban surukai tana ba da labarin bakin mijinta ba.

Daga bakin ƙofa, bai waiwayo ba, tsohon ya ce a gaya wa mai biro ya ji, kuma a daina yi wa jikansa gori, gado ne.

Bayan azahar Madam ta zo ta karɓi diski. Alhaji Gumur ya kafa mata sharaɗi ɗaya, hoton ya je duk inda aiki ya kai shi, amma kada a manna shi a bango. Ta ce ta ɗauka. Ranar Alhamis ayari ya tashi, motar soja gaba, motar soja baya, tsohon a tsakiya a kan kayan haƙa. Ya ce ba za a buɗe rijiyarsa ba ya nan ba.

Muka zauna jira. Salula ba ta kaiwa can. Kowace mota ta sauko daga tsauni sai Sidi ya ruga tasha ya dawo ba labari. Sai wata safiya wani shofer mai ɗaukar albasa ya tsaya a ƙofar biro ya sauke bido guda, wato jarkar ruwa, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce inda Madam ta kafa tsinke, a tsakiyar yashi, nesa da duk wurin da tsofaffi suka nuna, har da shi Alhajin, nan dagi ya ci karo da jeren duwatsun bakin tsohuwar rijiya. Suka yashe ta, ruwa ya taso. Saƙon Alhaji kuma shi ne, ruwan nan na akwatin ne da tsohuwar da ke yi masa fifita. In akwatin ba ya sha, ta sha masa.

Na dafa shayi da shi. Na kira maƙeran da ke kusa da mu, da mai gyaran moto, Tima ta zo da Musa muka yi ta ba shi dariya muna kallon bakinsa, shi bai san dalili ba. Sidi ya sha nasa har ƙarshe, ya ce daga yau za a nemo wata mai shara. Na ce korata za ka yi, ɗan nan? Ya nuna mini kujerar. Haka na hau ta. Sharar dai ban bari ba, don har yau ba wanda ya iya ta yadda nake so.

Bayan wannan na juye hotuna ba iyaka, na zanen duwatsu, na taron makiyaya a Ingal, na ƙasusuwan da ake tonowa a hamada, har na taurari. Abin da ranar ta bar mini shi zan bar muku. Na'ura ba ta san ta ƙona ba, kuma ido ɗaya ba ya isa, ko na tsohuwa ko na mai karatu. Abin da zai fita daga ɗakin nan wani zai ɗora dagi a kai, ku duba shi, ku ba wani ya sake dubawa. Sannan in kun buɗe inuwa, ku tuna ba dutse kaɗai ke ciki ba. Wanda ke tsaye a wurin uban wani ne, ko surukin wani, kuma bai san wata rana za a zo a yaye ba. In yana da rai ku neme shi, ya ga fuskarsa kafin duniya ta gani. Mu da mun ɓoye masa, da tsoronmu ya binne rijiyar nan karo na biyu.

Alhaji Gumur ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙan sa. Har ya koma ga Mahaliccinsa, shi da Sidi ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, in sun haɗu kowa na jan amawali har ƙasan ido. Amma duk saukowarsa gari sai ya biyo biro da 'yan rumman a aljihu. Ya yi sallama, ya jira surukinsa ya fita ta ƙofar baya, ya zauna kusa da ni ya ce:

"Tsohuwa, buɗe mini yaron nan in gaishe shi."